Jan Launi a Gonar Baffa Kolo

Haɗeja,
10 ga Maris.

Zuwa ga mahaifina, Malam Mala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya bakin Tafki, yaya cinikin banda, yaya kuma gwiwar nan? Iya tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko man zafin da ta aiko ya iso. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya fara.

Sau uku ina kiran wayarka ba ta shiga. Auta direba ya ce inda kuke yanzu sai mutum ya hau tudu kafin ya sami sabis, shi ya sa na koma takarda, zan riƙa ba shi duk lokacin da ya sauke kifi zai juya.

Baba, ka san bana ce shekarata ta ƙarshe a sashen kwamfuta, kuma ba a yaye ɗalibi sai ya yi aikin kammalawa, wanda muke ce wa furojet. Bana wani kamfanin casar shinkafa ya zo ya ɗauki nauyin ayyuka uku cikin ashirin da huɗu, namu yana ciki. Mu biyu ne, ni da Isa, ɗan ajinmu mutumin Kafin Hausa, mai haƙuri ƙwarai. Malamin da yake duba mu Dakta Abdulfattah ne.

Abin da muke ginawa ba shi da wuyar bayani. Taswira ce a cikin kwamfuta ta gonakin fadamar Auyo, kowace gona da tarihinta: wace shekara ruwa ya ci ta, ta ina ya shigo, kwana nawa ya yi. Gonar da ruwa ya saba ci za ta fito ja, wadda bai cika taɓawa ba ta fito kore. Idan kogi ya fara cika daga sama, manhajar za ta buga wa masu jajayen gonaki waya, murya ta gaya musu da Hausa tun da sauran kwana biyu ko uku, don mutum ya yanke abin da ya nuna ko ya ƙara jinga. Tunanina ne, Baba, tun shekarar da na ga ƙanenka Baffa Kolo tsaye cikin kwalekwale a kan shinkafarsa, saura kwana huɗu ya sa mata lauje.

To amma bari in gaya maka abin da ya ɓata mini rai. Ranar da aka ƙaddamar da aikin, an tara mu a babban ɗakin taro, aka sa mana rigunan kamfani, aka kawo mai hoto. Wakilinsu, Injiniya Adam, ya tashi ya gabatar da Isa a matsayin shugaban aikin, ni kuma ya ce mai taimaka masa. Ni da na rubuta tsarin tun daga shafin farko! Isa ya so ya gyara, aka riga aka fara tafi. Daga nan aka miƙo mana takardar yarjejeniya, shafi goma sha ɗaya na Turanci ƙanana-ƙanana, aka ce mu sa hannu a gaban mai hoto. Na fara karantawa, ina shafi na biyu Injiniya ya duba agogonsa, Dakta ya sunkuyo ya ce al'ada ce kawai, in sa hannu kada in ba sashe kunya. Na sa. Har yanzu ban ga kwafinta ba, ko da yake na tambaya sau biyu.

Sun ba mu kwamfutar tafi-da-gidanka, da na'urar auna fili, da man babur ɗin Isa. Ban raina ba, domin sauran 'yan ajinmu layi suke bi a kan kwamfutoci shida.

Mako biyar ke nan muna zuwa Auyo. Da farko mutane ƙin magana suka yi, suna cewa an sha zuwa da takardu a rubuta sunayensu a tafi. Sai Baffa Kolo ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wannan 'yar Mala ce, 'yarsa ce, duk wanda ya ɓoye mata wani abu kansa ya cuta. Daga ranar ƙofofi suka buɗe. Shi yake tuƙa mu a kwalekwale cikin ciyawar kacalla zuwa gonakin da babur ba ya kaiwa. Inna 'Yar'azumi mai gumin shinkafa, wadda take noma gonar marigayi mijinta, ta kama hannuna ta zaga da ni iyakarta, tana lissafa mini shekarun ambaliya da haihuwar jikokinta. Ba ta manta ko ɗaya ba. Zuwa jiya mun rubuta gona ɗari huɗu da goma sha biyu.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Injiniya Adam ya aiko a ƙara tambayoyi: cikakken sunan mai gona, da lambar katinsa na kamfani idan yana cikin waɗanda suke ba iri da taki. Na ce kiran gargaɗi lambar waya kawai yake buƙata. Ya ce ɗalibi ba ya tambayar mai ɗaukar nauyinsa dalili. Na ƙara tambayoyin, amma raina bai so ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida su Kawu Modu da duk abokan zama.

'Yarka,
Amatullahi.


Haɗeja,
2 ga Yuni.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen wajenku. Mun ga bandar da ka aiko, Allah ya ƙara buɗi. Iya lafiyarta ƙalau. An yi ruwan farko shekaranjiya, gari ya yi sanyi.

Baba, ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne. Ka yi haƙuri idan rubutun nan ya karkace.

Makonni uku da suka wuce kamfani ya karɓi taswirar, ya ce zai duba. Sai ga saƙo daga Injiniya Adam cewa mu cire sashen kiran waya gaba ɗaya, wai ba ya cikin abin da kamfani yake buƙata a wannan mataki. Sashen da saboda shi aka yi aikin! Na ɗauka rowa ce kawai, na ce wa Isa mu bar shi a ciki mu ci gaba da gwaji.

Ranar Talata na je Auyo don in gwada kiran a wayoyin mutum goma. Na tarar da taro a rumfar da kamfani yake raba iri da taki na damina. An liƙa takardar sunaye a jikin bango, masu karatu suna karanta wa marasa karatu. Sunan Baffa Kolo babu. Shekara shida yana noma musu, bai taɓa kai shinkafarsa wani wuri ba. Sunan Inna 'Yar'azumi babu. Ma'aikacin rumfar ya ce shi bai san komai ba, kwamfuta ce ta tace daga ofis.

Da na ji kalmar kwamfuta sai na matsa kusa da bangon. Na ɗauki hoton takardar, na zauna a gindin wata tsamiya na buɗe taswirarmu ina gwadawa suna bayan suna. Gona ɗari da hamsin da bakwai ce ta fito ja a aikinmu. Baba, duka ɗari da hamsin da bakwai ɗin an cire su. Ko ɗaya ba a bari ba. Launin da na sa don a san wanda za a fara kira, shi suka bi suka san wanda za su kora.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Waɗanda suka yi mini ƙarya su ne suka tsira. Akwai mutanen da suka ce ruwa bai taɓa shiga gonarsu ba, alhali kowa ya san har kifi ake kamawa a ciki. Na zargi hakan, amma abin da suka faɗa na rubuta. Suna nan kore shar, sun karɓi buhunansu sun ɗora a babur. Wanda ya yarda da ni ya faɗi gaskiya, shi ya koma gida hannu rabbana, ga damina ta sauka, irin kasuwa ya yi tsada kuma babu tabbas a kansa.

Inna 'Yar'azumi ta same ni a gindin tsamiyar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa ta yi, "'Yar Mala, da na zaga da ke gonata, ashe don su nake zagawa?" Baffa kuwa ya wuce ta gabana da sandar tuƙinsa a kafaɗa, na gaishe shi sau biyu, bai juyo ba.

Washegari na shiga ofishin Dakta Abdulfattah ba tare da an ce in shigo ba. Sai a ranar ya zaro mini yarjejeniyar daga aljihun tebur, ya buɗe shafi na tara. An rubuta cewa manhajar da duk bayanan da aka tattara mallakar kamfani ne, ya yi abin da ya ga dama da su, ɗalibi kuma ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ke ciki, har sunan kamfanin ma sai da izini. Na ce ya san da wannan shafi ranar da ya ce in sa hannu? Ya ce ya sani, amma bai zaci haka za su yi ba. Ya fara lissafa mini faifan sola da suka kafa wa ɗakin kwamfuta, da alkawarin kwamfutoci talatin baɗi, da yadda sashe ya shekara huɗu yana rubuta wa hukuma ba amsa. Duk maganar nan tagar yake kallo. Na ce to a gaya wa mutanen Auyo cewa da irinsu aka sayi hasken ɗakinmu. Ya ce in iya bakina.

Na buga wa Injiniya Adam. Dariya ya yi, Baba. Ya ce kamfani ba ƙungiyar agaji ba ne, ba za su zuba iri inda ruwa zai cinye ba, kuma kamata ya yi in yi alfahari domin aikin ɗaliba ya yi abin da ƙwararru suka kasa. Ya ce akwai kujera tana jiran mu ni da Isa idan mun gama. Na ce da sun faɗi abin da suke so tun farko, da mutane sun zaɓi su faɗa ko su yi shiru. Ya ce ai shi ya sa ba a faɗa ba. Wallahi haka ya ce.

Ban ce kamfani ba shi da ikon zaɓar wanda zai ba irinsa ba. Amma me ya sa sai da bakina? Sun san idan suka aiko nasu ma'aikacin ba wanda zai gaya masa gaskiya, sai suka nemo 'yar gida, suka sa mata riga, suka ba ta kwamfuta. Jami'a kuma ta miƙa ni, har da tafi.

Isa ya ce mu daure mu gama, saura mako bakwai mu kare furojet a gaban malamai. Ban san abin da zan yi ba. Ka gaya mini, Baba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Amatullahi.


Haɗeja,
24 ga Yuli.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, ina kuma fatan ruwan sama bai ɓata muku kifi ba. Iya tana gaisuwa, ta yi ɗan zazzaɓi makon jiya amma ta warware.

Na sami takardarka. Layi uku ce, na karanta ta ya fi sau ashirin. Ka ce in je Auyo in gaya musu da bakina abin da ya faru, kada su ji a wurin wani. Baba, ban je ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya in ce karatu ne ya hana ni ba. Tsoron idon Baffa nake yi. Sai ga shi na fara da waɗanda suka yi laifin ba tare da na shirya ba, kuma ga abin da ya biyo baya.

Ranar Litinin aka yi zaman kare furojet. A ƙa'ida ɗalibi ne da malamansa da mai jarrabawa daga wata jami'a. Mu namu sai aka mai da shi biki. Aka rataya tutar kamfani, Injiniya Adam ya zauna a layin gaba kusa da shugaban sashe. Kwana biyu kafin nan sun karɓi bayanin da za mu nuna a allo, suka dawo mana da shi a gyare. Babin kiran waya an cire. Sunan aikin ma an sauya, daga gargaɗin ambaliya ga manoma ya koma tantance haɗarin gonaki don zuba jari. Aikina, da sunana a ƙasa, amma ban gane shi ba.

Isa ya yi bayani, na nuna taswira, aka yi tafi. Na riga na gaya wa kaina zan yi shiru in karɓi sakamakona. Sai mai jarrabawar, wata dattijuwa Farfesa Halimatus Sa'adiya, ta cire tabarau ta yi tambaya ɗaya. Ta ce manoma ɗari huɗu ba sa faɗin irin wannan bayani haka kawai, me aka gaya musu za a yi da shi? Isa ya ba da amsar da aka koya mana, cewa an sanar da su bincike ne na inganta noma. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke fa, haka ne?"

Na ce ba haka ba ne. Na ce ni na gaya musu za a kira su idan ruwa yana zuwa, kuma ba a kira kowa ba, ba za a kira ba. Na ce duk jan da suke gani a allon nan mutum ne da aka hana iri bana saboda ya faɗa mini gaskiya. Na nuna wani ja a gefen kogi na ce wannan ƙanen mahaifina ne. Shugaban sashe ya ce in zauna. Na ce ban gama ba. Injiniya Adam ya miƙe ya ce na karya yarjejeniya a gaban shaidu, ya tattara mutanensa suka fita. Farfesa ta rubuta wani abu mai tsawo a takardarta.

Kafin la'asar an aiko an karɓe kwamfutar da na'urar auna fili, har da jakar. Aikin wata takwas ya tafi a cikinta, kuma an gargaɗe ni cewa idan ina da kwafi in goge. Jiya aka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa. Mutum biyar, Baba, ba wanda ya tambaye ni ko abin da na faɗa gaskiya ne. Tambayarsu ita ce wa ya ba ni izinin faɗa. Ɗaya ya ce na ja wa ɗalibai masu zuwa asarar kwamfutoci talatin. Wani ya ce tarbiyya ce ta yi ƙaranci. Na ce tarbiyyar da aka ba ni ita ce ta hana ni yin shiru, sai aka rubuta wannan ma a cikin laifuffukana.

An riƙe sakamakonmu, ni da Isa. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni. Isa bai yi komai ba. Shi ne na farko a gidansu da ya kai jami'a, mahaifiyarsa har ta fara gaya wa mutane ya sami aiki. Ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa ja, ya ce da na gaya masa tun da safe abin da zan yi, da aƙalla ya shirya. Ya ce ni ina da uba mai sana'a, shi wa yake da shi? Gaskiya ya faɗa. Ka ga irin abin da suka yi mana: sun ɗaure mu da igiya ɗaya, yadda duk wanda ya motsa sai ya shaƙe ɗan'uwansa.

Sun ba ni mafita. In rubuta takardar ban haƙuri ga kamfani, in ce abin da na faɗa kuskuren fahimta ne, sai a saki sakamakon mu biyun. Sun ba ni mako biyu. Haƙuri zan iya bayarwa a kan ɗaga murya gaban manya. Amma in ce kuskure ne? Ni na gwada sunayen nan ɗaya bayan ɗaya.

Ina neman addu'arka fiye da kullum. Ka gaida Kawu Modu.

'Yarka,
Amatullahi.


Auyo,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya aiki? Auta ya ce ka rame, don Allah ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Kamar yadda ka gani a sama, daga Auyo nake rubutu. Ina gidan Inna 'Yar'azumi yau kwana tara, da sanin Iya.

Ban rubuta takardar da suke so ba. Wata na rubuta, na ce Isa ba shi da hannu a maganata, bai ma san zan yi ba, a hukunta ni ni kaɗai. Na ji an ce rahoton Farfesa Halimatus Sa'adiya ma ya iso, kuma bai yi wa sashe daɗi ba. Ko saboda shi ne ko saboda tawa takardar, an saki sakamakon Isa. Kamfani dai ya janye aikin da ya yi masa alkawari. Isa ya turo mini saƙo ya ce ya gode, kalma biyu, ban kuma ga laifinsa ba.

Ni kuwa an soke furojet ɗina. Zan sake wani daga farko, zango guda cur, ba mai ɗaukar nauyi. 'Yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni. Na san ka so ka ga ranar yayena bana, ka yi haƙuri, Baba. Kamfanin da ya yaudari mutum ɗari huɗu ko takardar gargaɗi ba a aika masa ba. Ina jin ma ana lallashinsa ya dawo baɗi, an riga an fara zaɓar ɗaliban da za a ba shi. Na rubuta wa shugaban sashe cewa aƙalla a riƙa ba ɗalibi yarjejeniya ya je gida ya karanta, a kuma gaya wa mutanen da za a tambaya gaskiyar inda bayaninsu zai tafi. Sakatare ya karɓa ya sa a ƙarƙashin wasu takardu ina tsaye.

Dakta Abdulfattah ya nemi a bar masa duba sabon aikin nawa. Ya kira ni ya ce ya yi kuskure, kuma wannan karon ya dube ni da yake faɗa. Na karɓa domin ba ni da wani malamin, amma zuciyata ba ta huce ba, ban kuma ɓoye masa ba.

Na bi umarninka, ko da yake na makara. Ranar Juma'a bayan an sauko na roƙi liman ya tsayar mini da mutane a inuwar ƙofar masallaci, mata kuma suka tsaya daga gefe. Na faɗi komai: takardar da na sa wa hannu ban karanta ba, tambayoyin da na ƙara alhali raina bai kwanta ba, da yadda jan launi ya zama sunayen da aka cire. Ban ɗora wa kamfani kaɗai ba, na faɗi nawa. Wani ya ce karatun boko ke nan, a ci da kai a kuma zo a yi maka bayani. Wani ya tambaya ko bayanin nawa zai dawo da damina. Wani dattijo ya ce ya sayar da tunkiya biyu ya sayi irin da rabinsa bai fito ba. Na tsaya na saurari kowa, domin hakkinsu ne. Baffa Kolo yana zaune a ƙarshen tabarma, kuma shi ya fara tashi.

Da mutane suka ragu na ce ga abin da nake so in yi, wanda ya ga dama ya shiga. Ba ni da kwamfuta, ba ni da taswira. Amma kogi yana cika yanzu, kuma gargaɗi ba sai da manhaja ba. Akwai masunta a sama da za su iya gaya mana kullum inda ruwa ya kai, mu rubuta a littafi, mu kira juna. Daga baya in gina manhajar a kan abin da muka gani. Inna 'Yar'azumi ta ce da sharaɗi: a rubuta takarda da Hausa, a karanta musu da ƙarfi, cewa littafin nasu ne, a ɗakinta zai zauna, kuma ko jami'a ba za ta gani ba sai sun yarda. Na rubuta a gabansu, liman ya karanta. Cikin ɗari huɗu da goma sha biyu, mutum tara suka sa hannu. Shida mata ne.

Da taran nan muke aiki. Mun kafa sanda mai zane a bakin ruwa wuri uku. Wuri na huɗu shi ne mafi muhimmanci, mashigar da ruwa yake fara karyowa ta cikin kacalla, kuma ba mai iya kaiwa can kullum sai mai kwalekwale da ya san hanya. Ka san ko wane ne. Ban tambaye shi ba, ba ni da fuskar tambaya.

Ruwa yana ƙaruwa da kusan taƙi guda a kwana biyu. Muna cika buhunan jinga da safe. Hannuna duk ya yi kanta, Inna tana yi mini dariya.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Amatullahi.

Ƙari: Na riga na naɗe takardar nan zan aika da ita Haɗeja wurin Auta, sai wayata ta yi ƙara. Baffa Kolo ne. Bai amsa gaisuwata ba, bai tambayi kwanana ba. Cewa ya yi, "Ina mashiga. Ruwa ya haura saiwar giginya da kamu ɗaya, kuma ja ne, na sama ne. Ki gaya wa na ƙasa su yanke yau, kada su jira gobe." Na ce to, Baffa. Ya ce, "Kin rubuta?" Na ce na rubuta. Ya kashe. Zan tsaya nan, Baba, ina da mutanen kira, kuma ba taran nan kaɗai zan kira ba.